RSTP kaɗai ya isa hana madauki a suwic, ko sai an ƙara masa wasu saituka?

Aminu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga tsarin da nake so mu duba. Suwic biyar ne, duk masu karɓar saiti. Manya biyu a tsakiya, haɗe da juna da faiba. Ƙanana uku a benaye, kowane ɗaya yana da kebul biyu, ɗaya zuwa babba ta farko, ɗaya zuwa ta biyu. VLAN shida ne, wato an raba netwok ɗin gida shida. An kunna RSTP (ƙa'idar da ke toshe rarar hanya tsakanin suwic don hana madauki, wato saƙo ya riƙa zagaye ba ƙarshe) a dukansu, amma ba a taɓa komai ba bayan haka, yadda suka fito daga kwali haka suke. Shin wannan ya wadatar, ko akwai abin da ya kamata a ƙara? Abin da ake tsoro shi ne ma'aikaci ya ɗauki kebul ya cusa bakinsa biyu a soket biyu na bango.

Injiniya Bashir

Wa alaikumus salam Malam Aminu. Bai wadatar ba. Fara da zaɓen tushe, wato suwic ɗin da sauran ke lissafa hanyarsu zuwa gare shi, domin a kansa ake gina komai. Kowane suwic yana zuwa da lambar fifiko 32768. Idan duka lambarsu ɗaya, wanda adireshin MAC ɗinsa (lambar shaidar da na'ura ke zuwa da ita daga masana'anta) ya fi ƙanƙanta shi ke zama tushe, kuma sau da yawa wannan shi ne mafi tsufa a cikinsu. Sai ka tarar wani ƙaramin suwic a bene na uku ne tushen netwok, hanyar da ke tsakanin manyan biyu kuma an toshe ta, duk zirga-zirgar sabobi tana bi ta kebul na gigabit ɗaya.

Lambar tana tafiya ne da ninkin 4096, daga 0 zuwa 61440. Ba wa babba ta farko 4096, ta biyu 8192, ka bar ƙananan a 32768. A Cisco:

spanning-tree mode rapid-pvst
spanning-tree vlan 1-4094 priority 4096

Ka lura da abu biyu. Idan ka duba VLAN 10 za ka ga 4106 maimakon 4096, ba kuskure ba ne, lambar VLAN ce ake ƙarawa a kai. Na biyu, kada ka dogara da umarnin root primary. Sau ɗaya yake lissafi, lokacin da ka buga shi, ya sa 24576 ko ƙasa da na tushen da ke nan a lokacin. Gobe aka kawo suwic mai 20480 ba abin da zai yi.

Malama Hadiza

Kafin ma a je ga lamba, Malam Aminu ya tabbatar RSTP ɗin yana aiki da gaske a kowane ɗaya. Tsofaffin HP ProCurve a kashe yake zuwa. Wasu kuma a shafinsu na saiti akwai maɓalli biyu, na suwic gaba ɗaya da na kowace kafa, mutum ya kunna na farko ya ɗauka ya gama. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: shiga kowane suwic ka karanta adireshin tushen da yake nunawa. Dole biyar ɗin su ambaci tushe ɗaya. Duk wanda ya ce shi ne tushe alhali ba shi ba ne, to BPDU, wato saƙon RSTP da suwic ke aika wa juna, ba ta isa gare shi.

Game da rubuta lambar, kowane kamfani da salonsa. A ProCurve da Aruba na wannan zuriyar, spanning-tree priority 1 yana nufin 4096, domin daga 0 zuwa 15 ake ninkawa. A MikroTik da hegza ake rubutawa, 0x8000 shi ne 32768, 0x1000 shi ne 4096.

Sadiq

Me ya sa ba za a sa 0 kawai a huta ba? Babu mai iya ƙwace tushe daga 0.

Injiniya Bashir

Akwai. Wani mai 0 wanda MAC ɗinsa ya fi naka ƙanƙanta. Ba lamba ce ke kare tushe ba, Root Guard ne, saitin da ke toshe kafa idan wani ya yi ikirarin tushe ta cikinta. Amfanin barin 0 a ajiye shi ne ranar da za a canja babbar suwic: ka ba sabuwar 0 ta karɓi ragama ba tare da ka taɓa tsohuwar ba. Amma wanda ya sa 0 bai yi laifi ba, zai yi aiki.

Hajiya Rabi

Bari in dawo kan tsoron Malam Aminu na ainihi, wato kafofin da ke zuwa teburan ma'aikata. Dalilin da madauki ke da muni a Ethernet shi ne firem, wato ƙunshin bayanan da suwic ke turawa, ba shi da lissafin tsufa da zai kashe shi irin TTL na fakitin IP. Burodkas (saƙon da ake aika wa kowa) guda na ARP idan ya shiga zagaye ba zai mutu ba, kuma kowane suwic yana kwafe shi zuwa duk kafofinsa. Hanyar gigabit ɗaya tana ɗaukar ƙananan firem kusan miliyan 1.48 a sakan. Cikin ƙiftawar ido hanyoyi sun cika, furosesan suwic ya kai ƙarshe, teburin MAC yana ta canjawa domin adireshi ɗaya yana bayyana ta kafa biyu.

Saiti biyu ake sa wa kafar tebur, kuma tare suke tafiya.

Na farko, a ayyana ta a matsayin kafar gefe: PortFast a Cisco, admin-edge-port a Aruba, edge=yes a MikroTik. Wannan yana sa ta fara aiki nan take. In ba haka ba tana iya jiran sakan 30, wato 15 sau biyu, kwamfuta ta nemi adireshin IP daga sabar DHCP ta gaji ta ba kanta adireshin 169.254. Amfani na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba: kafar gefe ba ta tayar da sanarwar canjin tsari. Idan ba a ayyana ta ba, duk wanda ya kunna kwamfutarsa da safe sai suwic su share teburin MAC su sake koyo, kuma kafin su koya suna watsa firem ko'ina.

Na biyu, BPDU Guard. Kwamfuta da firinta ba sa aika BPDU. Idan ta shigo ta kafar tebur, ko dai an jona suwic, ko an yi madauki. Sai a rufe kafar kawai.

spanning-tree portfast default
spanning-tree portfast bpduguard default

A sababbin IOS, manhajar suwic na Cisco, kalmar edge tana shiga bayan portfast. Wanda ya cusa kebul a soket biyu, kafa ɗaya za ta ji BPDU ta ɗayar, ta faɗa err-disable, wato ta rufu, log ya rubuta BLOCK_BPDUGUARD da sunan kafar. PortFast ba tare da BPDU Guard ba buɗe ƙofa ne a tafi a bar ta.

Aminu

Na gode Hajiya. To idan kafar ta rufu, sai an je an buɗe da hannu kenan?

Hajiya Rabi

Ko dai shutdown sannan no shutdown, ko ka sa ta farfaɗo da kanta:

errdisable recovery cause bpduguard
errdisable recovery interval 300

300 ɗin shi ne na asali, minti biyar. Ana iya saukewa har sakan 30.

Sadiq

Ni ban goyi bayan farfaɗowa da kai ba. Idan kebul ɗin yana nan ba a cire ba, duk minti biyar kafar za ta tashi, a yi ɗan ƙaramin hargitsi, ta sake rufuwa. Kuma ba wanda zai kawo ƙara, don haka ba wanda zai je ya cire. Gara ta zauna a rufe har mai teburin ya kira, a nan za a san inda matsalar take.

Malama Hadiza

Sadiq, maganarka tana da ƙarfi idan akwai ma'aikacin netwok a ginin. Reshen da ba kowa, kuma kafar da ta rufu ita ce ta kyamara ko ta AP, na'urar Wi-Fi da ke saman rufi, farfaɗowa da kai ta fi. Abin da ke warware damuwarka shi ne a tura log zuwa sabar syslog ko a kunna tarkon SNMP, ta yadda kowace rufewa za ta iso ga wanda ya kamata. Sannan a ɗaga tazarar zuwa sakan 900 ko fiye. Hargitsin da kake faɗa gajere ne, kafa tana aika BPDU da zarar ta tashi.

Malam Garba

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma akwai ramin da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi cin mutane. BPDU Guard yana aiki ne idan BPDU ta dawo. Ɗauki ƙaramin suwic mai kafa biyar ko takwas marar saiti, irin wanda ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. An jona shi a kafa ta 14 ta suwic ɗinka. Wani ya haɗa kafa biyu nasa da kebul ɗaya. Madaukin yana cikin ƙaramin ne, ba a naka ba.

Yanzu abu ya dogara ga halin ƙaramin. Ana aika BPDU zuwa adireshin 01:80:C2:00:00:00, wanda yana cikin adireshin da ƙa'ida ta keɓe. Wasu ƙananan suwic suna wuce da ita kamar kowane firem, sai ta zagayo ta dawo kafa ta 14, BPDU Guard ya rufe, an tsira. Wasu kuma haɗiye ta suke yi. A irin wannan, RSTP bai ga komai ba, BPDU Guard bai ga komai ba, amma duk burodkas da ka tura ƙasa yana dawo maka ninki-ninki. Haka wasu wayoyin tebur na IP masu kafa biyu suke yi idan aka jona duka biyun a bango.

Maganin wannan daban ne. Suwic ya aika firem nasa na gwaji, ba zuwa adireshin BPDU ba, ya ga ko zai dawo. Aruba suna kiransa loop-protect, yana aikawa duk sakan 5. MikroTik ma loop-protect, sakan 5, ya rufe kafar na minti 5. TP-Link da D-Link suna kiransa Loopback Detection. A Aruba:

loop-protect 1-44
loop-protect disable-timer 300

A kafofin tebur kaɗai ake sa shi. Kada a sa a hanyoyin da ke tsakanin suwic da suwic, wannan aikin RSTP ne, kuma idan su biyun suka yi karo za ka iya rasa hanyar da ba ta da laifi.

Aminu

Malam Garba, a Catalyst na Cisco fa? Ban ga loop-protect a ciki ba.

Malam Garba

Catalyst yana da keepalive da yake aikawa duk sakan 10 a kafofin jan ƙarfe. Idan ya dawo ta kafar da ya fita, sai ta rufu da dalilin loopback. Yana kama wasu, amma kada ka kwanta a kansa, domin an rubuta wa firem ɗin adireshin kafar kanta ne, kuma ba kullum yake samun hanyar dawowa ba. Abin da za ka dogara da shi a nan shi ne storm-control:

storm-control broadcast level 1.00
storm-control action shutdown

Kashi 1 cikin 100 na gigabit megabit 10 ne a sakan, wajen ƙananan firem dubu 14 da ɗari takwas. Babu kwamfutar ofis mai lafiya da ke aika burodkas ko kusa da haka. Idan ba ka sa layi na biyu ba, zai riƙa zubar da rarar ne kawai, kafar tana buɗe. Port security ma yana taimakawa: ka taƙaita adireshin MAC zuwa 2 ko 3 a kafa, madauki kuwa yana dawo da adireshin kowa ta kafa ɗaya, nan da nan zai haura iyaka.

Injiniya Bashir

Gargaɗi kan storm-control. Na burodkas ba shi da matsala. Na maltikas, saƙon da ake aika wa rukunin na'urori, a yi hankali. A Catalyst idan aka kai iyaka ana barin BPDU da CDP su wuce, amma OSPF, wanda rautoci ke magana da juna da shi, ba ya cikin waɗanda aka ware, don haka rautoci na iya rasa juna. Kyamarori, IPTV da manhajar girka kwamfutoci da yawa lokaci guda duk maltikas suke yi. A auna na sati ɗaya tukuna, a sa action trap, a ga iya inda zirga-zirgar gaskiya ke kaiwa, sannan a yanke lamba. Kuma kada a taɓa sa action shutdown a hanyar da ke hawa zuwa manyan suwic. Guguwa ɗaya za ta yanke bene gaba ɗaya.

Zainab

Ina da tambaya kan BPDU Filter. Sunansa ya yi kama da BPDU Guard, wasu na sa su tare.

Hajiya Rabi

Ƙanwata, kishiyoyi ne. Idan kika sa bpdufilter enable a kan kafa kai tsaye, kafar ta daina aika BPDU ta daina sauraro. Kin kashe mata RSTP kenan. Idan kika haɗa shi da BPDU Guard a kafa ɗaya, Filter ne ke rinjaye, Guard ba zai ga komai ba balle ya rufe. Wanda ake sawa a matakin suwic gaba ɗaya ya fi sauƙi, yana aika 'yan kaɗan lokacin da kafa ta tashi, kuma idan ya ji BPDU sai ya janye. Duk da haka a kafar tebur ba ki da buƙatarsa. Inda yake da amfani shi ne iyaka tsakaninki da kamfanin da ke ba ki intanet ko wata ma'aikata daban, hanya ɗaya tak, ba kya son bishiyarsu, wato tsarin hanyoyinsu na RSTP, ta haɗu da taki.

Injiniya Bashir

Mu koma hanyoyin tsakiya. Bayan an sa 4096 da 8192, ga abin da ya kamata a gani a kowane ƙaramin suwic: kafar da ke zuwa babba ta farko Root FWD (a buɗe), wadda ke zuwa ta biyu Altn BLK (a toshe). A manyan kuwa duk kafofin da ke sauka Desg FWD. Idan ka ga toshewar a gefen babba ta biyu take, lamba ko kuɗin hanya bai zauna daidai ba.

Kuɗin hanya, lambar da RSTP ke ba kowace hanya gwargwadon saurinta, yana da ma'auni biyu. Tsoho: megabit 100 kuɗinsa 19, gigabit 4, gigabit goma 2. Sabo: 200000, 20000, 2000. Cisco a PVST da tsohon yake zuwa, yawancin sauran kamfanoni da sabon. Idan ka gauraya su, suwic ɗaya yana ƙara 4, na gaba yana ƙara 20000, sai zaɓen hanya ya zama shirme. A daidaita duka:

spanning-tree pathcost method long

Root Guard a kafofin manyan suwic da ke sauka zuwa benaye. Idan BPDU mai ikirarin tushe mafi kyau ta hauro, kafar za ta shiga root-inconsistent, ta buɗe da kanta idan ikirarin ya tsaya. Loop Guard kuma a kafofin ƙananan da ke hawa. Ba sa zama a kafa ɗaya.

Malama Hadiza

Injiniya, a nan ina da ja. Root Guard a babba ta farko, na yarda. A ta biyu akwai tarko a irin wannan tsarin. A ce faibar da ke tsakanin manyan biyu ta yanke. Ta biyu za ta fara jin labarin tushe ta hannun ƙananan suwic, kuma ta nan ya kamata ta bi ta isa gare shi. Root Guard zai ɗauki wannan a matsayin kutse ya toshe kafofin uku duka. Ka ware babba ta biyu da duk sabobin da ke kanta, da hannunka.

Injiniya Bashir

Gaskiyarki Malama. Shi ya sa hanyar tsakanin manyan ba za ta zama faiba ɗaya ba. Biyu aƙalla, a ɗaure su zama hanya ɗaya da LACP, in da hali ta bututu daban-daban. Wanda ba shi da wannan ya bar Root Guard a ta farko kaɗai. Kuma ɗaurin ya zama mode active, ba mode on ba. Mode on ba ya tambayar ɗaya gefen komai. Idan gefe ɗaya ya ɗaure ɗayan bai ɗaure ba, kai da kanka ka ƙirƙiri madaukin.

Zainab

Loop Guard ɗin me yake karewa, tunda kafar a toshe take tun farko?

Malam Garba

A toshe take saboda tana jin BPDU duk sakan 2. Faiba zare biyu ce, na aikawa da na karɓa. Idan na karɓa ya lalace, ko SFP, 'yar na'urar da ake cusa faiba a cikinta, ya samu matsala, fitila na iya ci gaba da ci amma BPDU ta daina zuwa. RSTP yana jiran uku a jere, sakan 6, sai ya ɗauka maƙwabcin ya tafi, a ƙarshe ya buɗe kafar. Ɗaya zaren kuwa yana aiki, madauki ya samu ta fuska ɗaya. Loop Guard yana cewa shiru ba izini ba ne, ya ajiye kafar a loop-inconsistent har BPDU ta dawo. A ƙara UDLD a yanayin aggressive a duka gefen biyu na faiba, shi yana duba lafiyar hanyar ne kai tsaye, kuma yana iya rufe zare ɗaya a cikin ɗaurin LACP ya bar sauran. UDLD na Cisco ne, wasu kamfanonin suna da irinsa da wani suna, kuma ba lallai su fahimci juna ba.

Aminu

Ƙananan biyu daga cikin ukun ba Cisco ba ne. Rapid-PVST, salon RSTP na Cisco, zai zauna da su?

Injiniya Bashir

Zai zauna, amma da ƙyar. Rapid-PVST yana gina bishiya ga kowace VLAN, yana aika nata BPDU zuwa adireshin Cisco 01:00:0C:CC:CC:CD. Waɗanda ba Cisco ba bishiyar VLAN 1 kaɗai suke fahimta, sauran wucewa suke yi ta cikinsu kamar maltikas. Mafi tsafta a koma MSTP duka, wato 802.1s, wanda kowa ke ji. Abu uku dole su zo ɗaya a kowane suwic: sunan yanki, har da babban baƙi da ƙarami, lambar bita, da jadawalin wace VLAN ke cikin wane instans, wato wace bishiya. VLAN ɗaya ta bambanta, suwic ɗin ya zama yanki daban. Duba da show spanning-tree mst configuration digest, lambar da ta fito ta zama iri ɗaya ko'ina.

VLAN shida ba sa buƙatar rabe-rabe. Ka bar su duka a instans 0, ka sa suna da lambar bita, shi ke nan. In kana son raba kaya tsakanin manyan biyu, raba dukkan 1 zuwa 4094 tun yau, har waɗanda ba a ƙirƙira ba. Canja jadawali daga baya yana tsinka yankin har sai ka gama bin suwic ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka sake sa lambar fifiko da spanning-tree mst 0 priority 4096, ta PVST ba ta biyo ka.

Sadiq

Kafofin sabobin VMware fa? Tirank ne, masu ɗaukar VLAN da yawa, amma ba suwic ne a ƙarshensu ba.

Hajiya Rabi

spanning-tree portfast trunk, domin suwic na cikin ESXi, manhajar sabar VMware, ba ya yin STP, dangin ƙa'idar da RSTP ke ciki. Da BPDU Guard a yi taka-tsantsan: idan wata kwamfutar cikin sabar ta aika BPDU, kafar ta rufu, ESXi ya maida ta kan kati na biyu, shi ma ya rufu, sabar duka ta ɓace. Kunna Net.BlockGuestBPDU a ESXi tukuna, ka sa shi 1, sannan ka sa Guard.

Malama Hadiza

Malam Aminu, tsarin aiwatarwa. Bayan an tashi aiki, kebul na konsol a hannu kuma ka gwada shi tun da rana, ba a fafe gora ranar tafiya. Fara da babba ta farko, sai ta biyu, sai ƙananan. Kafofin gefe da Guard su zo daga ƙarshe, bayan ka bi show cdp neighbors ko LLDP, masu nuna na'urar da ke haɗe da kowace kafa, ka tabbatar ba wani suwic da ke ɓoye a bayan kafar da ka ɗauka ta tebur ce.

Sai gwaji. Bar ping yana tafiya daga kwamfuta a bene zuwa rauta, ka zare kebul mai Root FWD. Ping ɗaya ko biyu ya kamata ka rasa. Idan ka rasa na sakan 30 zuwa 50, wata kafa ta koma tsohon 802.1D. Za ka ga Peer(STP) a gefenta. Gyara maƙwabcin, sannan clear spanning-tree detected-protocols. Idan kuma ka ga Shr maimakon P2p, hanyar tana rabin duflas ne, kuma saurin RSTP ba ya aiki a haka.

Gwaji na biyu, kebul a soket biyu. Na uku, ƙaramin suwic marar saiti da madauki a cikinsa, shi ne zai nuna maka ko abin da Malam Garba ya faɗa ya zauna.

Aminu

Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: bayan kwana biyu ta yaya zan san akwai kafar da na manta ban ayyana ta gefe ba?

Malam Garba

show spanning-tree detail, ka nemi layin Number of topology changes. Yana nuna adadi, da lokacin na ƙarshe, da kafar da ya shigo ta ita. Rubuta adadin yau, ka sake dubawa gobe da hantsi bayan ma'aikata sun kunna kwamfutoci. Idan ya ƙaru, bi kafar da ya ambata zuwa suwic na gaba, ka sake buga umarnin a can, har ka isa kafar da ba suwic a bayanta. Idan kwamfuta ce ko firinta, sa mata PortFast. Idan hanya ce tsakanin suwic biyu, duba show interfaces ka ga kurakuran CRC, yawanci kebul ne ko SFP ke neman canji.